Kafin mu zaɓa wa ɗalibai littafin da za su karanta

Malaman Turanci da na adabi a sakandare, da ku nake. Iyaye ma ku matso kusa.

Littattafan jarrabawar WAEC ba mu ke zaɓa ba, hukumar ce ke fitar da jerinta duk shekara biyar, mu bi. Amma akwai inda malami ke da ta cewa: ƙaramar sakandare, farkon aji huɗu, da aikin rubutu da ake ba ɗalibi ya yi a kan littafi guda. A nan nake ganin muna kasawa. Da zarar littafi ya taɓo aure, kishiya, saki ko takaba, sai mu ja da baya, kada wani uba ya zo ofishin shugaban makaranta yana cewa ana koya wa 'yarsa soyayya. Sai a ɗauko ɗan littafi marar gishiri, yaron kirki ya ci nasara, mugu ya tuba a babin ƙarshe, yara su haddace sunayen taurari su manta. Alhali yarinyar da ke zaune a benci na biyu, da idonta ta ga ranar da aka kwashe kayan ɗakin mahaifiyarta.

A jerin 2021 zuwa 2025 an sa Second Class Citizen na Buchi Emecheta, wanda ya fito a 1974. Littafi ne mai nauyi, ba na raina shi. Adah na aiki a laburare a Landan tana ciyar da mijinta Francis da 'ya'yansu, shi kuwa ya ɗauki littafin da ta rubuta da hannunta ya cinna masa wuta. 'Yan mata kan kama labarin nan take. Samarin kuwa sai su naɗe hannu, don sun ji kamar su aka gurfanar, darasi ya koma musu tsakanin layin maza da layin mata. Shi ya sa ba na son ya zama littafin farko da yaro namiji zai gamu da shi a kan wannan batu.

Ni da So Long a Letter na Mariama Bâ zan fara. Marubuciyar 'yar Senegal ce, da Faransanci ta rubuta shi a 1979, ya ci kyautar littattafan Afirka mai suna Noma a 1980, fassararsa ta Turanci kuma ba ta kai shafi 100 ba. Ramatoulaye malamar makaranta ce, tana cikin takaba take rubuta wa aminiyarta Aissatou wasiƙa. Ku dubi yadda ta ji labarin kishiya: bayan shekara 25 da aure da 'ya'ya 12, sai ga liman da Tamsir, yayan mijinta Modou, da Mawdo abokin Modou sun shigo cikin manyan riguna, suna ta kewaye-kewaye, kafin su ce ai an ɗaura yau. Amaryar kuma Binetou ce, ƙawar 'yarta Daba. Wane ɗalibi ne a Kano ko Gusau zai buƙaci a yi masa bayanin wannan zama? Ya san gaisuwar, ya san shirun da ke biyo baya.

Abin da ya fi ja na ga littafin shi ne bai mayar da kowa dodo ba. Binetou ma yarinya ce da uwarta ta tura, aka cire ta daga makaranta. Aissatou ta bar mijinta da aka yi mata kishiya, ta tafi da 'ya'yanta maza huɗu. Ramatoulaye ta zauna. Babu wadda ta ga laifin zaɓin 'yar'uwarta, har Aissatou ta saya mata mota da ta ji tana wahalar hawa motar haya. Amincin nan na mata biyu, wanda ya fi aurensu ƙarko, ina son yaranmu maza da mata su yi ta tattaunawa a kansa.

Sai The Stillborn na Zaynab Alkali, 'yar jihar Borno, na 1984. Li da yayarta Awa da ƙawarta Faku, kowacce da irin mafarkin da ta yi wa aure da abin da ta tarar. A ƙarshe Li ta yanke shawarar komawa ga mijinta Habu bayan haɗari ya nakasa shi. Aji kan rabu biyu a nan, kuma ba bisa layin maza da mata ba, wannan ne irin musun da nake so.

Ga aikin da zan ba su: kowa, har samarin, ya rubuta wasiƙar da Binetou za ta aika wa Daba shekara guda bayan rasuwar Modou. Uban da ya zo da ƙorafi kuma, a karɓe shi da mutunci, a ba shi aron littafin ya tafi da shi gida, a sa ranar da zai dawo a zauna.