CANZUK: Su wane ne 'yan gida a cikin masu jin Turanci?

Tun da Donald Trump ya fara kiran Kanada "jiha ta 51" ta Amurka, ya kuma lafta wa kayanta haraji a farkon 2025, wata tsohuwar magana ta sake tasowa a jaridun Landan da Ottawa da Canberra. Maganar CANZUK ce, wato a haɗa Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan da Birtaniya su zama tamkar gida ɗaya, ɗan kowace ƙasa ya shiga sauran ba tare da biza ba, ya zauna, ya kama aiki, a buɗe kasuwanni, a haɗa kai kan tsaro. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Kanada ta rungumi manufar tun 2018. Da Sarki Charles na Birtaniya, wanda shi ne kuma sarkin Kanada, ya je Ottawa ya buɗe zaman majalisar dokoki a ranar 27 ga Mayun 2025, sai masu wannan ra'ayi suka ƙara samun bakin magana.

Kowace ƙasa tana da ikon zaɓen wanda za ta buɗe wa ƙofarta, ba na jayayya da wannan. Abin da ke ci mini rai shi ne hujjojin da ake kafawa. Wai harshensu ɗaya, wai kuma wasu sun matsu alhali wasu suna da fili fetal ba kowa. Duka biyun ba su da ƙafar tsayawa, kuma ina da yaƙinin cewa da yawa daga masu faɗar su sun san haka.

Mu fara da fili. Ana cewa Birtaniya ta cika ta batse, mutum kusan miliyan 69 a ƙasar da girmanta bai kai kashi ɗaya bisa uku na Najeriya ba, ga Kanada mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 10 da mutum miliyan 41, ga Ostireliya mai miliyan 7.7 da mutum miliyan 27. A kan taswira lissafin ya fita sumul. Sai dai mutum ba a kan taswira yake kwana ba. Kashi biyu bisa uku na mutanen Kanada suna zaune ne a tazarar da ba ta wuce kilomita 100 daga iyakar Amurka ba, domin arewacin ƙasar ƙanƙara ce da daji. A Ostireliya sama da kashi 80 cikin 100 suna zaune ne kusa da bakin teku, tsakiyar ƙasar hamada ce. Duk wanda ya san Nijar ya san wannan: ta fi Najeriya girma, amma jama'arta a kudu suke, daga Yamai zuwa Maraɗi zuwa Damagaram, kuma ba mai hankalin da zai dubi hamadar Tenere ya ce a kwaso mutanen Kano a zuba a can tunda akwai wuri.

Baturen da zai bar Manchester ba daji zai nufa ba. Sydney zai je, ko Melbourne, ko Toronto, ko Vancouver, ko Auckland, biranen da tsadar gida ta riga ta hana matasan cikinsu barin ɗakin iyayensu. Gwamnatocin da kansu sun shaida. Niyu Zilan ta hana mafi yawan 'yan waje sayen gidaje tun 2018. Kanada ta fara aiki da irin wannan doka a 2023, ta kuma tsawaita ta zuwa 2027. Ostireliya ta bi sahu a watan Afrilun 2025. A Oktoban 2024 gwamnatin Justin Trudeau ta Kanada, wadda aka sani da maraba da baƙi, ta rage adadin waɗanda za ta ba izinin zama na dindindin daga 500,000 zuwa 395,000 a shekara, kuma ƙarancin gidaje na cikin manyan dalilan da ta bayar. Ƙasar da take ƙirga ɗakunan kwananta haka, ta yaya za a ce ta buɗe ƙofa ga mutum miliyan 69 ba iyaka, a kuma kira abin maganin cunkoso?

Ita kanta maganar "fili ba kowa" tana da tarihin da ya kamata a ji kunyar maimaita ta. Da ita aka ƙwace Ostireliya daga hannun 'yan asalinta tun 1788, da hujjar cewa ƙasa ce ba mai ita. Sai a 1992 babbar kotun ƙasar ta rushe wannan ƙarya, a shari'ar da Eddie Mabo, mutumin tsibirin Mer, ya kwashe shekara goma yana bi. Ya rasu watanni kaɗan kafin a yanke hukuncin. A Niyu Zilan har yau ana ja-in-ja a kan yarjejeniyar Waitangi ta 1840 tsakanin Birtaniya da Maori, 'yan asalin ƙasar, kuma a Nuwamban 2024 dubun dubatar Maori da magoya bayansu sun yi tattaki zuwa Wellington don kare ta. Ana rabon filin waɗannan mutane a shafukan jaridu kamar ba sa nan.

Sai maganar harshe, wadda ta fi ba ni takaici. Idan Turanci ne sharaɗin zama ɗan gida, ina Najeriya, inda da shi ake karatu da shari'a da aikin gwamnati? Ba kowane ɗan Najeriya ke jin Turanci ba, amma masu jin sa a Najeriya kaɗai sun fi mutanen Ostireliya da Niyu Zilan a haɗe yawa, balle a zo Indiya. Idan aka ce a'a, sarki ɗaya ne sharaɗin, to Jamaika da Bahamas da Papua New Guinea duk Charles ne sarkinsu. Idan aka koma aka ce arziki ne, Singapore ta fi kowace daga cikin huɗun samun kuɗi ga kowane mutum, da Turanci take aiki, tsarin shari'arta na Ingila ne, tana cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, amma ba a sa ta a lissafi ba. A cikin Kanada kuwa, kusan mutum ɗaya cikin biyar Faransanci ne harshensa na farko, kuma lardin Quebec yana zaɓen baƙinsa da kansa tun yarjejeniyar 1991. Duk ma'aunin da suka ɗauko, sai ya shigo da wanda ba sa so ko ya fitar da wanda suke so. Ma'auni ɗaya ne ke ba da waɗannan huɗun cif ba ragi ba ƙari: ƙasashen da zuriyar Turawan Birtaniya suka yi rinjaye, aka cire Amurka saboda ta fi ƙarfinsu.

Wannan ba zargi ba ne daga iska. An taɓa yin wannan tsari, kuma dokokinsa suna nan a rubuce. A 1901, ɗaya daga cikin dokokin farko da sabuwar tarayyar Ostireliya ta yi ita ce ta tace baƙi. Ba a rubuta launin fata a ciki ba. Jami'in shige da fice ne zai karanta wa mutum kalmomi 50 ya rubuta, a kowane harshen Turai da jami'in ya ga dama. Wanda ba a so, sai a zaɓo masa harshen da bai sani ba. A 1934 da aka so hana wani ɗan jarida ɗan ƙasar Czechoslovakia mai suna Egon Kisch shiga, mutumin da ke jin harsunan Turai da dama, sai aka yi masa jarrabawar da harshen Gaelic na tsaunukan Scotland. Sai a 1973 aka binne wannan manufa gaba ɗaya. A tsakanin nan kuwa, daga 1945, Ostireliya tana biyan kuɗin jirgin Turawan Birtaniya, fam 10 kacal mutum zai bayar, kuma sama da miliyan ɗaya suka tafi ta wannan hanya.

A Kanada, jirgin ruwan Komagata Maru ya isa Vancouver a Mayun 1914 ɗauke da fasinjoji 376, akasarinsu mabiya addinin Sikh daga Punjab, dukansu talakawan sarkin Ingila kamar mutanen da ke tsaye a bakin tashar suna kallon su. Wata biyu jirgin yana tsaye a ruwa, abinci da ruwan sha suna yanke musu, daga ƙarshe aka rako shi da jirgin yaƙi ya koma. Da suka isa kusa da Kolkata, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe kusan 20 daga cikinsu. Sai a 2016 firaministan Kanada ya nemi gafara a gaban majalisa.

Birtaniya ma haka. Dokar 1948 ta ba duk ɗan ƙasashen da take mulka ko ta raina damar shiga ya zauna. Muddin masu amfani da damar fararen fata ne, ba wanda ya ce uffan. Da mutanen Jamaika da Indiya da Pakistan da Afirka ta Yamma suka fara zuwa, sai ga dokar 1962 da ta taƙaita shigowarsu. A 1968 aka yi wata cikin kwana uku, don tare Indiyawan Kenya masu riƙe da fasfo ɗin Birtaniya. A 1971 aka ƙulla 'yancin zama da inda aka haifi iyayen mutum. Har gobe akwai biza ta shekara biyar ga ɗan ƙasa rainon Ingila wanda aka haifi kakansa a Birtaniya. Jikan wanda aka haifa a Glasgow ya yi ƙaura zuwa Perth ta Ostireliya yana da hanya. Jikan tsohon sojan da aka ɗauka daga Zariya ko Katsina ya yi wa Ingila yaƙi a dazukan Burma ba shi da ita. A 2018 kuma duniya ta ga yadda aka kori dattawan da suka zo daga Karebiyan tun suna yara daga aiki, aka tsare wasu, aka tasa ƙeyar wasu, har sakatariyar harkokin cikin gida Amber Rudd ta yi murabus.

Masu kare CANZUK za su ce ƙasashen huɗu sun canza, yanzu akwai baƙar fata da Indiyawa da 'yan Sin masu fasfo ɗinsu, kuma kowa zai ci moriya. Waɗannan sai da suka bi ta rariyar kuɗi da jarrabawa da shekarun jira kafin a ƙirga su, saboda haka kada a jingina da su.

Ko a tsakanin 'yan gidan ma, abin ba ya tafiya yadda ake tallata shi. Ostireliya da Niyu Zilan sun buɗe wa juna ƙofa tun 1973, kuma tafiyar gefe ɗaya ta karkata, zuwa inda albashi ya fi tsoka. Sama da 'yan Niyu Zilan 600,000 ne ke zaune a Ostireliya, daga ƙasar da duka-duka mutanenta ba su wuce miliyan biyar da 'yan kai ba. A 2001 Ostireliya ta yanke wa sababbin zuwa yawancin tallafin gwamnati. Daga 2014 ta shiga mayar da waɗanda aka ɗaure a kurkuku, har da waɗanda suka zo tun suna goye, ba su san kowa a Niyu Zilan ba. A 2020 Jacinda Ardern, firaministar Niyu Zilan ta lokacin, ta tsaya kusa da takwaranta na Ostireliya Scott Morrison a Sydney ta ce masa kada su riƙa koro musu mutanensu da matsalolinsu. Maƙwabta biyu ke nan da ba a taɓa jin kansu ba. Ta fannin ciniki ma, Birtaniya ta dakatar da tattaunawa da Kanada a Janairun 2024 a kan naman shanu da cuku, kuma gwamnatinta da kanta ta ƙiyasta cewa yarjejeniyar da ta ƙulla da Ostireliya kashi 0.08 cikin 100 kawai za ta ƙara wa tattalin arzikinta.

Inda abin ya taɓa mu kai tsaye shi ne asibiti. Tuni likitoci da ma'aikatan jinya na Birtaniya suke kwarara zuwa Ostireliya don albashi da sauƙin aiki. A cire musu biza gaba ɗaya, kwararar za ta ƙaru. Wa zai cike gurbin? Indiya da Filifin da Najeriya, kamar yadda ake yi yanzu, duk da cewa Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a je neman ma'aikatan lafiya a cikinsu saboda ƙarancinsu. Ku dubi ma'aikaciyar jinyar da ta yi karatunta kaf da Turanci tun daga firamare, da shi ta rubuta jarrabawar ƙwarewa, da shi take rubuta bayanin marar lafiya kullum. Sai ta tara albashin watanni ta biya kuɗin jarrabawar Turanci, ta zauna da abin saurare a kunne tana amsa tambayoyi don a tabbatar tana jin harshen, kuma bayan shekara biyu sakamakon ya mutu. Matashi ɗan Ostireliya kuwa, in bai wuce shekara 35 ba, yana iya zuwa Birtaniya ya yi har shekara uku yana aiki ba tare da wani ya ɗauke shi aikin tun daga gida ba. Masu kula da tsofaffi a Birtaniya, waɗanda 'yan Najeriya da Zimbabuwe da Gana suke da yawa a cikinsu, tun Maris na 2024 aka hana su zuwa da mata ko miji ko 'ya'ya. Ana son hannunsu a kan gadon marar lafiya, ba a son iyalinsu a unguwa. CANZUK zai ɗauki wannan bambanci ne ya mayar da shi yarjejeniya tsakanin ƙasashe, ya lulluɓe shi da sunan zumunci.

Ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila tana da mambobi 56 da mutum kusan biliyan 2.7, kuma tun Afrilun 2025 'yar Gana ce, Shirley Ayorkor Botchwey, take riƙe da sakatariyarta. Bai kamata Abuja da Accra da Nairobi su zauna su yi shiru ana gina ɗaki na musamman a cikin gidan da aka ce na kowa ne ba. A taron shugabanni na gaba su nemi a soke jarrabawar Turanci ga wanda ya yi karatu da Turanci, su nemi duk ƙasar da ta ɗauki likita ko ma'aikacin jinya ta biya wani abu na kuɗin horar da shi. Su kuma kula da tasu yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979, wadda ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025 ta jefa cikin rashin tabbas, domin ita ce ɗan kasuwar Jibiya da na Maraɗi suke dogaro da ita kowace ranar kasuwa.