Shirun ma'aikaci ba biyayya ba ne

Duk wanda ya taɓa zama a taron ma'aikata a Katsina ya san yadda ake rufe shi. Oga zai gama jawabi, ya dubi jama'a ya ce, "Akwai mai magana?" Sai ɗaki ya yi tsit. Can wani dattijo ya ce, "Yallaɓai, ai ka gama komai." A shafa fatiha a watse. Ka bi su rumfar mai shayi da ke bakin ƙofa, a nan za ka ji taron na gaskiya: motar da ta shekara a gareji, da jadawalin aikin da ya danne mutum uku ya bar bakwai suna hira.

Shugabanni da yawa na ɗaukar wannan shiru a matsayin ladabi, har su saka wa mai shi da yabo a takardar ƙarshen shekara. Ni a ganina sun karanta allon a juye.

A 1991 wasu masana biyu 'yan Kanada, John Meyer da Natalie Allen, sun nuna cewa abin da ke riƙe ma'aikaci a wurin aiki ba iri ɗaya ba ne. Wani yana zaune don yana ƙaunar wurin, wani don yana jin nauyin amana a wuyansa, wani kuwa don ba shi da inda za shi. A jihar da gwamnati ce babbar mai biyan albashi, na ƙarshen nan ba wuyar samu ne da shi ba. Lissafi yake yi: saura shekara nawa ya cika 35 a bakin aiki, ko 60 da haihuwa, ya karɓi garatuti ya hau layin fansho. Wanda ke wannan lissafi ba zai ce wa darakta ya yi kuskure ba. Me zai kai shi? Baki shi ke yanka wuya. Wanda abin ya dame shi har ransa shi ne zai kasa haƙuri ya ɗaga hannu, kuma shi ne galibi ake wa laƙabi da mai taurin kai.

Ina da 'yar uwa ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti da ba zan ambata ba. Ta lura firijin allurar rigakafi na mutuwa da tsakar dare saboda batirin sola ya yi sanyi, alhali alluran nan ana son su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ta samu shugabanta shi kaɗai, ta durƙusa ta faɗa masa. Ya ce ya ji. Bayan mako biyu ta maimaita a taro. Amsar da ta samu ita ce, "Yanzu ke za ki koya mana aiki?" Ba a kore ta ba, ba a ma ba ta takardar tuhuma ba. An dai daina kiranta bita, an kuma ƙara mata kwanan aiki. Sauran ma'aikata sun gani, sun ɗauki darasi.

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ci karo da wani abin mamaki a asibitocin Amurka a shekarun 1990: rukunonin ma'aikatan da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi rahoton kurakurai. Ba wai sun fi kowa kuskure ba, sun fi kowa rashin tsoron faɗa ne. Ke nan ofishin da ba a jin ƙorafi ya fi cancanta a leƙa shi.

Za a ce al'adarmu ce ta kunya da girmama na gaba. Gaskiya ne, kuma ban ce a zubar da ita ba. Yaron da ya tsinka mai gidansa a bainar jama'a don a ce ya iya, bai nemi gyara ba. Amma wannan al'adar ce ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ta ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Manzon Allah (SAW) kuma ya ce addini nasiha ne, ya lissafa shugabanni cikin waɗanda ake yi wa ita. Abin takaicin ma, ogan da ba ya son gyara sau da yawa kunnensa a buɗe yake ga masu kai gulma da yamma a gida.

Gwamnatin tarayya ta fito da tsarin kwarmata bayanai a Disambar 2016, da ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Wannan na manyan sata ne. Babu kaso ga masinja da ya san inda fayil ke ɓacewa, ko malamar firamare da ta ga rufin aji na shirin ruftawa. Abin da suke dubawa kawai shi ne me ya samu wanda ya yi magana kafin su.

'Yar uwar tawa har yanzu tana zuwa aiki ƙarfe takwas. Takan duba firijin, ta rubuta lambar da ta gani a rajista, ta rufe littafin. Shugabanta kuwa ya gaya wa mijinta kwanan baya cewa ta natsu sosai.