Zakaran da Ya Halarci Taron Ofis

Aikina shi ne duba takardun 'yan fansho, kuma ko goro ba na karɓa daga hannun wanda fayil ɗinsa ke kan teburina. Wata Litinin wani dattijo ya shigo da ƙaton jan zakara a hammata, ya ɗaure shi a ƙafar teburin, ya ce, "Ɗana, wannan ba toshiyar baki ba ce, gaisuwa ce."

Na yi masa bayani cikin ladabi cewa Jadawali na Biyar na tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar alheri saboda aikinsa, in ban da kyautar dangi ko abokai gwargwadon abin da al'ada ta amince da shi. Baba ya yi shiru, sannan ya tambayi asalina. Da ya ji ni Bazazzagi ne, sai ya washe baki ya ce shi Bakano ne, saboda haka ni bawansa ne tun kaka da kakanni, kuma bai taɓa jin dokar da ta hana ubangida ciyar da bawansa ba. Kafin in nemo amsa ya fice, ya bar ni da zakara.

A ranar kuwa darakta ya tara mu a ɗakin domin ya ja mana kunne game da hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci da rashawa, wadda aka kafa a 2000. Yana kaiwa kan maganar ɗauri, sai zakara ya yi cara daga ƙarƙashin teburina. Nan taro ya koma muhawara: wasu suka ce tunda ban sa hannu a fayil ba tukuna, rashawa ce, wasu suka ce in hanzarta sa hannu domin zakaran ya zama tukwici. Darakta ya umarci masinja ya mayar wa mai shi.

Washegari masinja ya kawo farfesu daga gida, ya ce sadaka ce, muka sha har da darakta, wanda ya nemi ƙari. Mako na zagayowa Baba ya dawo karɓar takardunsa, ya tsaya gaban darakta ya tambaye ni da ƙarfi ko naman bai yi tauri ba.