Zakamin da ya hau jirgin sama

To, na kalli bidiyon nan na ɗan uwanmu da ya je Peru shan ayawaska, wani dafaffen haɗin ganyen dajin Amazon mai fitar da mutum daga hayyacinsa. Tun shekaranjiya kuke turo min shi, na zauna na kalle shi har ƙarshe, ban ƙaru da komai ba sai hawan jini.

Ɗan uwan namu ya dawo daga dajin Peru, ya sa farar riga, ya rataya wata sarƙar 'ya'yan itace a wuya, yana magana a hankali kamar wanda ya sauko daga Arfa. Wai ya sha ayawaska dare huɗu a jere, ya yi amai, ya yi kuka, ya ga kakarsa da ta rasu, daga ƙarshe ya "haɗu da kansa". Masha Allah. Mutum ya biya kuɗin jirgi har Lima, ya sake hawa wani zuwa Iquitos, garin da babu titin motar da ya haɗa shi da sauran ƙasar, sai ta sama ko ta kogi, duk don ya haɗu da kansa. Da ya yi min magana ai da na ara masa madubi.

Wannan duk ba ruwana. Kuɗinsa ne, cikinsa ne, amansa ne. Abin da ya hana ni barci shi ne baiwar Allahn nan da ta yi masa tambaya a ƙasan bidiyon, kun gani ai. Ta ce shekara biyu tana shan maganin ciwon damuwa da likita ya rubuta mata, shin ita ma za ta iya zuwa? Sai ya ce mata waɗannan ƙwayoyin gubar kamfanoni ce, shi kuwa ganye daga Allah yake, ta fara ajiye su tukuna. Kuma kuka bi kuna danna masa alamar so, kuna "Allah ya ƙara basira".

Ganye daga Allah yake. Kunama daga wa take? Kwankwanin da maharba ke dafa dafin kibiya da shi, a kamfani aka ƙera shi? Ganye bai san sunan da kuka raɗa masa ba, jama'a. Ku kira shi waraka, ku kira shi tafiyar ruhi, ku kira shi uwar daji, idan ya shiga jini aikinsa zai yi.

Ni na taɓa ganin aikin ganye da idona, shi ya sa ba na iya dariya da wannan maganar. Ɗan kawuna ne, lokacin bai fi shekara goma sha bakwai ba. Abokansa suka zuba masa 'ya'yan zakami a kunun zaƙi ranar wani biki, wai su ga yadda zai yi. Da magariba aka shigo da shi zaure a riƙe. Baƙin idonsa ya buɗe har ka rasa inda ya tsaya, jikinsa zafi kamar an ciro shi daga murhu amma ko ɗigon gumi babu, leɓensa ya bushe ya tsage. Yana ta tsintar wasu abubuwa daga jikin tabarma yana zubawa a aljihu, abubuwan da babu mai ganinsu sai shi. Can sai ya juya ya gaida bango, ya tambaye shi ya mutanen gida. Mahaifiyarsa ta durƙusa gabansa tana kiran sunansa, ya dube ta ya ce, "Baiwar Allah, matsa min zan wuce." Kwana uku muka yi a asibiti, har sai da aka sa masa robar fitsari domin ya kasa yi da kansa. Da ya farfaɗo bai tuna komai ba. Kawu har ya rasu bai daina cewa yaron nan bai dawo daidai ba. Ba banza Bahaushe ya sa wa abin suna haukata-yaro ba.

Na san abin da za ku ce: ai ayawaska ba zakami ba ce. Gaskiya ne, kuma na fi wanda ya yi bidiyon sanin bambancin. Ayawaska haɗi biyu ce. Akwai ganyen da suke kira cakaruna, shi ke ɗauke da sinadarin DMT mai sa gane-gane. Idan ka sha shi shi kaɗai, cikinka zai kashe shi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa suke dafa shi da wata igiyar daji wadda aikinta shi ne ta ɗaure abin da ke kashe shi a jiki, ta buɗe masa ƙofa. To wannan ƙofar da aka buɗe, ba DMT kaɗai ke bi ta ciki ba. Maganin damuwar da yawancin likitoci ke rubutawa yana ƙara wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa, sirotonin. Idan ya haɗu da igiyar nan sai sinadarin ya yi ambaliya: zazzaɓi, karkarwa, bugun zuciya, jijjiga, wani ma daga nan sai kabari. Idan kuma ta bi shawarar malam mai farar riga ta ajiye maganinta dare ɗaya, ciwon da aka yi shekara biyu ana lallashi zai iya dawo mata da ƙarfinsa, ga jiri ga rashin barci ga tunanin da ba a so. Gaba kura, baya sayaki. Wannan shi ne abin da ya miƙa wa 'yar mutane yana murmushi.

Kuma tunda kun ce ba zakami ba ce, bari in ƙarasa muku. A can ɗin akwai wata bishiya mai manyan furanni kamar kakaki, suna ce mata towe. 'Yar uwar zakami ce, dangi ɗaya, dafi iri ɗaya. Wasu masu dafa ayawaska suna jefa ta a tukunya don baƙon da ya biya dala ya ga abin da zai ba da labari. Kai da aka miƙo wa ƙoƙo cikin duhu, a bukka, a tsakiyar daji, ta ina ka san abin da ke ciki? A 2014 wani matashi ɗan Ingila mai shekara 19 ya sha irin wannan haɗin a kudancin Kolombiya, aka tsinci gawarsa a gefen hanya, kuma bincike ya gano dafin dangin zakami a jikinsa. Kafin shi, a 2012, wani ɗan Amurka mai shekara 18 ya mutu a wani gidan waraka a Peru, bokan ya binne shi a ɓoye ya ce wa uwarsa yaron ya fita ne bai dawo ba. Wannan ɓangaren ba ya shiga bidiyo. Ganye bai san ko nawa ka biya ba.

"Amma ai Turawa suna bincike a kai, jami'o'i sun tabbatar." Na ji. Suna yi. Jami'ar Johns Hopkins da Imperial College ta Landan duk sun buɗe cibiyoyin binciken irin waɗannan sinadarai a 2019. Ostireliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta sinadarin naman kaza mai sa maye ga masu ciwon damuwar da ya ƙi jin magani, tun daga Yulin 2023. Ban musa ba, kuma in an samu alheri a ciki Allah ya sa mu amfana. Amma ku je ku ga yadda suke yi. Awo ake yi da ma'auni, a ɗakin asibiti, an gwada zuciyarka, an tambayi tarihin gidanku, ma'aikata na zaune kusa da kai sa'o'i. Wanda a danginsa aka taɓa samun mai taɓin hankali, tun daga bakin ƙofa ake sallamarsa. Duk da wannan taka-tsantsan, a Agustan 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da MDMA, wata ƙwaya mai sa maye, a matsayin maganin firgicin da ke bin wanda ya ga bala'i, ta ce a koma a sake gwaji. To likitoci masu farin kaya da na'urori suna tafiya da sanda kamar makaho a bakin rijiya, kai da waya da farar riga ka yanke hukunci? Haɗa binciken asibiti da ƙoƙon daji kamar a ce tunda likita na yanka mutum a ɗakin tiyata, kowane mahauci ma ya iya cire ƙari.

Sai masu cewa in girmama al'adar mutane. Su waye suka raina ta, ni ko ku? Mutanen Shipibo da sauran ƙabilun Amazon sun san abinsu, suna da waƙoƙinsu da ƙa'idojinsu da shekarun da mutum ke yi yana koyo, har gwamnatin Peru ta sanya ayawaska cikin kayan gadon ƙasa a 2008. Baƙi ne suka mayar da abin kasuwa. Ku nemi labarin María Sabina, wata tsohuwa a ƙauyen Huautla da ke Meksiko, wadda ke yi wa mutanenta magani da naman kaza. A 1955 ta karɓi wani ma'aikacin banki daga New York, Gordon Wasson, ta ba shi ya ci. A 1957 ya buga labarin a mujallar Life. Shi ke nan, garin ya cika da samarin Turawa masu neman ganin Allah a kwana ɗaya, 'yan sanda suka sa mata ido, mutanen garinta suka juya mata baya, aka ƙona mata gida. Ta mutu a 1985 cikin talauci. A 2018 kuma, kusa da Pucallpa a Peru, aka harbe Olivia Arévalo, dattijuwa mai shekara 81 da ake girmamawa a cikin Shipibo, mutanen ƙauyen suka kama wani ɗan Kanada da ya zo koyon ayawaska, wanda suke zargi, suka kashe shi. Wannan ita ce ribar da masu abin suka ci. Ko nan kusa da mu, a Gabon, saiwar iboga da mabiya addinin gargajiya na Bwiti ke amfani da ita tun kaka da kakanni yanzu ta zama hajar fitarwa waje, alhali an san tana iya rikita bugun zuciya har ta tsayar da ita.

Abin da ya fi ba ni dariya, dariyar takaici, shi ne su wa ke tafa masa. Mutanen da idan suka ji goge da garaya daga wani gida a bayan gari za su tofar da yawu su ce 'yan bori, a kira Hisba. Mutanen da idan aka ce wance an yi mata girka, ko ɗiyarta ba za su aura ba. To me aka yi a bukkar Peru? Dare ne, an zauna a da'ira, wani na rera waƙar kiran iskokin daji, ana busa wa mutum hayaƙin taba a ka, mutum ya fita hayyacinsa ya yi magana da matattu. In a Tudun Wada aka yi sunansa bori, in an hau jirgi sunansa waraka. Ba bori nake karewa ba, kar wani ya zo min da wannan. Ina dai tambaya ne ko akidar taku biza take dubawa. Haka yaron unguwa in ya sha abin da zai ga bango na motsi, ɗan ƙwaya ne, a kai shi gidan mari. Mai fasfo ya sha, ya zama malamin ruhi, har ana tambayarsa fatawa.

Bari in sauke murya. Na san dalilin da ya sa bidiyon ya shiga zuciyar mutane, kuma ba wauta ba ce. Mutane na cikin ciwo. Akwai wanda aka sace mahaifinsa aka biya kuɗin fansa aka karɓo gawa. Akwai matar da ta haihu wata shida ba ta yi barcin kirki ba, aka ce mata rashin godiya ne. Akwai wanda yake ƙasar waje, ga kuɗi ga sanyi ga kaɗaici, ba wanda zai faɗa wa. In ka ce kana da damuwa a ce imaninka ne ya yi rauni, in ka je asibitin ƙwaƙwalwa a ce ka haukace. Najeriya, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne, su ma kullum ana raka wani filin jirgi. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan da dokar mahaukata ta 1958 muke aiki. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Shi ya sa nake jin haushin mai miƙa takobin, ba mai kamawa ba.

Ke kuma 'yar uwa, in kina karanta wannan, don girman Allah kar ki taɓa maganinki sai kin koma wurin wanda ya rubuta miki. In maganin bai karɓe ki ba, ki faɗa masa, ana canzawa, ana ragewa a hankali. Ki ci gaba da addu'arki, ba kishiyar magani ba ce. Shi mai farar rigar in wani abu ya same ki, goge bidiyon kawai zai yi.

Af, tunda maganar ta zo. Zakamin nan da ya fito a kan bolar bayan makarantar firamaren unguwarmu, tun damina nake magana. Yanzu har ya yi 'ya'ya, masu ƙaya ɗin nan kamar ƙwallo, kuma da idona na ga yara na wasan jifa da su bayan an tashi. Na faɗa wa mai unguwa ya ce aikin ƙaramar hukuma ne, na faɗa wa wani malami a makarantar ya ce ba cikin harabarsu yake ba. Ranar Asabar bayan sallar asuba zan je da fartanya. Mai safar hannu ta roba ya taho da ita, tawa ta yage.