Tsakanin sallama da ba da gado: a ware wa yara ɗakin lura na sa'o'i

Duk wanda ya taɓa kai yaro sashen gaggawa na babban asibiti a Kano a tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da gudawa suke kan ganiyarsu, ya san yadda gado yake wuya, har a ga uwa zaune a kan tabarma a baranda tana yi wa ɗanta fifita da gefen mayafi. Likitan da ke aiki a daren ba shi da zaɓi sai biyu: ya sallami yaro zuciyarsa ba ta kwanta ba, ko ya ba shi gadon da wani ya fi shi buƙata.

A ganina akwai hanya ta uku da ya kamata Asibitin Murtala da na Hasiya Bayero da na Malam Aminu Kano su ba ta muhimmanci, wato ɗaki na musamman a jikin sashen gaggawa, inda za a lura da yaro na wasu sa'o'i, ba tare da an wuce 24 ba.

Yara da yawa ba su buƙatar fiye da haka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da gudawa ta rage wa ruwan jiki, amma abin bai tsananta ba, a ba shi ruwan gishiri da sukari mililita 75 kan kowane kilo na nauyinsa a cikin sa'o'i 4, sannan a sake duba shi. Uwa ce za ta riƙa ba shi da cokali, kaɗan-kaɗan, malamar jinya tana kallo, kuma a nan take koyon abin da za ta yi a gida. Haka ma mai asma da ƙurar hunturu ta tayar wa ciwo, ko wanda ya yi jijjiga sau ɗaya saboda zafin jiki ya kuma farfaɗo sarai. Sauƙin da magidanci zai samu na kuɗin gado da zirga-zirgar kai abinci ba ƙarami ba ne.

Sai dai ɗakin ba na kowa ba ne. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana buƙatar allurar atesunet aƙalla sau uku a cikin sa'o'i 24 na farko, don haka gado ne haƙƙin mai shi, kamar yadda yake ga jariri sabon haihuwa da mai tamowa.

Abin da nake tsoro shi ne a buɗe ɗakin da bikin yanke kyalle, bayan wata biyu ya koma wurin jibge waɗanda suka rasa gado a ciki. Maganin hakan shi ne a rubuta lokacin shigar kowane yaro a allon da ke kan gadonsa, a ware wa ɗakin malaman jinya nasa na kansa, kuma babban likita ya zagaya safe da yamma ya yanke hukunci: ko gida, ko ciki.