Kashe koyoti ba zai cika dajin Amurka da barewa ba

Daga Afrilu zuwa Yuni, mafarautan Amurka da dama kan juya bindigoginsu kan koyoti, wato dangin dilan nan da ya bazu zuwa gabashin ƙasar bayan an kusa ƙarar da kyarketai. Hujjarsu tana da ƙarfi. A watannin Mayu da Yuni barewa ke haihuwa, jaririn kuma yakan yi makonni kwance cikin ciyawa, ba ya iya gudu. Koyoti a lokacin yana da 'ya'ya a rami da ke jiran abinci. Duk wanda ya tarar da ragowar ɗan barewa a gonarsa, dole ransa ya ɓaci.

Ban musa ɓarnar ba. Maganin ne nake ja da shi.

A yankin Savannah River da ke jihar Karolina ta Kudu, John Kilgo na hukumar gandun dajin Amurka da abokan aikinsa sun tabbatar cewa koyoti ne ke cinye mafi yawan jariran barewar da ke mutuwa. Daga 2010 zuwa 2012 suka sa ƙwararrun masu ɗana tarko suka kawar da koyoti 474. Abin da aka samu bai taka kara ya karya ba: shekara guda jarirai suka ƙara tsira, daga baya lamarin ya ja baya. Dalilin a fili yake. Da zarar an share wani yanki, wasu koyoti marasa mazauni sai su kwararo su cike gurbin, abinci kuma ya wadata ga waɗanda suka rage, 'ya'yansu su rayu da yawa. A jihar Idaho ma an yi irin wannan gwaji na shekaru, aka ga tsananin hunturu ya fi koyoti tasiri kan yawan barewa.

Duk da haka jihar Utah ta kafa doka a 2012 tana biyan dala 50 kan kowane koyoti da aka kashe. A ganina an bar jaki ne ana dukan taiki, da kuɗin jama'a kuma. Ga wani abin da ba a cika faɗa ba: uwar koyotin da aka harbe a Afrilu ta bar 'ya'ya a rami, yunwa ce za ta kashe su sannu a hankali.

Abin da ke hannun mutum shi ne yawan matan barewa da mafarauta ke harbewa a kaka, kuma nan ne Kilgo ya nuna. Karolina ta Kudu ta taƙaita adadin da kowane mafarauci zai kashe a 2017. Wannan mataki ya fi zafi, domin mafaraucin ne zai haƙura da nama, amma mace guda da aka bari takan haifi biyu baɗi. Mai gona da ke son ɗana tarko dab da lokacin haihuwa yana iya yi, sai dai ya shirya maimaitawa kowace shekara da kuɗin aljihunsa.