Kashi 15 Bai Wanke Pons da Fleischmann Ba

Tun da mujallar Nature ta buga binciken ƙungiyar Curtis Berlinguette ta Jami'ar British Columbia a watan Agustan 2025, masu ra'ayin haɗakar nukiliya mai sanyi, wato haɗe ƙwayoyin zarra su ba da makamashi ba tare da tsananin zafi ba, suka sake samun baki. Wai ga shi bayan shekara 36 kimiyya ta dawo kan maganar Martin Fleischmann da Stanley Pons, masanan da suka yi iƙirarin gano irin wannan haɗaka a 1989. Duk mai faɗin haka, da alama kanun labarin kawai ya gani.

Na'urar da suka haɗa a Kanada harba ƙwayoyin diyutariyam take yi, wato haidurojin mai nauyi, da ƙarfin dubban bolt a kan ƙarfen faladiyam. Ta ɗaya gefen kuma ana cusa wa ƙarfen ƙarin diyutariyam da lantarki daga ruwa mai nauyi, wato ruwan da haidurojin ɗinsa diyutariyam ne, cusawar ta ƙara yawan haɗakar da kusan kashi 15 cikin ɗari. Ƙwayar da aka harba haka tana ɗauke da ƙarfin da ya yi daidai da zafin miliyoyin digiri, to ina sanyin yake? Wat 15 na wuta na'urar ta ci, haɗakar ta bayar da kusan kashi ɗaya cikin biliyan na wat guda. Aiki ne mai kyau, amma tsohuwar haɗakar da kowa ya sani ce.

Iƙirarin da Pons da Fleischmann suka yi ranar 23 ga Maris 1989 a Jami'ar Utah daban ne. Kwalbar gilashi ce a kan tebur, da sandar faladiyam a tsakiya, wayar filatinam kewaye da ita, sai ruwa mai nauyi da aka narka gishirin litiyam a ciki. Suka ce zafin da ke fita ya fi wutar da ke shiga, wai alamar haɗaka ce.

A nan maganar ta maƙale, kuma har yau ba ta motsa ba. Idan diyutariyam biyu suka haɗe, kusan rabin lokaci tiritiyam da furoton ake samu, ɗaya rabin hiliyam-3 da niyutiron. Hiliyam-4 kuwa sai kamar sau ɗaya cikin miliyan goma. Wat guda na irin wannan zafi zai fitar da niyutiron wajen tiriliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, wanda ya isa ya kashe mai tsaye kusa da kwalbar. Babu wanda ya mutu da wannan, domin niyutiron ɗin babu su. Jami'ar Georgia Tech ta ce ta gan su, cikin kwanaki ta janye, ashe na'urar ƙidayarta ce zafi ke ruɗawa. An ce ana wuta a gida, amma ba hayaƙi ba toka.

Shi zafin kansa fa? Awon zafi a irin wannan kwalba cike yake da tarko. Nathan Lewis na Caltech ya nuna cewa idan ba a motsa ruwan ba, wani gefe ya fi wani zafi, sai ma'aunin ya ba ka abin da ya dace da inda ka soka shi. Ga kuma iskar diyutariyam da oksijin da lantarki ke rabawa. A buɗaɗɗiyar kwalba ana ɗauka sun fice, sai a cire wutar da raba su ya ci, wato bolt 1.54 sau yawan wutar da ke gudana, daga lissafi. In wani kaso ya sake haɗewa a ciki, zafin da aka riga aka cire ya dawo, sai a kira shi rara. Waɗanda suka koma neman hiliyam-4 a matsayin shaidar haɗaka ma ba su tsira ba: iskar ɗaki tana da hiliyam kusan kashi biyar cikin miliyan, kuma yana ratsa gilashi.

Masu cewa kamfanonin mai ne suka danne binciken, sai su duba inda kuɗi suka tafi. Jihar Utah ta ware dala miliyan 5, cibiyar da aka buɗe ta rufe a 1991. Kuɗin Toyota sun riƙe ɗakin binciken su Pons a Faransa na tsawon shekaru. Google ta zuba dala miliyan 10, ta bayyana a 2019 cewa ba ta ga rarar zafi ba, kuma Berlinguette ɗin nan yana cikin jagororin wannan aiki. A 2023 hukumar ARPA-E ta Amurka, mai tallafa wa binciken makamashi, ta ƙara dala miliyan 10 ga ayyuka takwas. Wannan shi ne dannewa?

Ba laifi ba ne a ci gaba da nazarin yadda faladiyam ke shan haidurojin, akwai abin koyo a can. Sai dai kafin a sake buga mana kanun "makamashi mara iyaka", a kawo rufaffiyar kwalbar ƙarfe, a ajiye wata mai ruwan famfo mai tsabta a gefenta don kwatance, a ba wani ɗakin bincike da bai san wacce ce wacce ba. In akwai rarar wat guda daga hiliyam-4, to dole a ƙirga ƙwayoyinsa wajen biliyan 260 a kowace daƙiƙa.